Zuwa ganin jami'a tun kafin shiga

Manomi ba ya sayen gona da ji. Sai ya je ya taka ta da ƙafarsa, ya duba ko jigawa ce ko fadama, ya ga inda ruwa ke kwanciya da damina. Mai sayen raƙumi ma sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Amma sau da yawa yaro yakan yi shekara 13 yana karatu, shida a firamare, huɗu a kwaleji, uku a lise, sannan ya zaɓi inda zai ci gaba bayan jarrabawar bak, alhali ko ƙofar wurin bai taɓa gani ba. Suna kawai ya ji a bakin mutane.

Wannan zaɓi kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Kafin yaron ƙauye ya tafi jami'a, sai an sayar da rago, ko buhun wake, ko gujiyar da uwarsa ta noma a gamanarta. In ya shiga fannin da bai dace da shi ba, shekara guda ta tafi, kuɗin ma sun tafi. Wani yakan sake fanni ya fara daga farko. Wani kuwa kunya ta hana shi komawa gida, ya zauna birni ba karatu ba sana'a. Shi ya sa yana da kyau ɗalibin da ke ajin ƙarshe na lise ya je ya ga jami'a da idonsa. Gani ya kori ji.

Jami'ar Yamai

Jami'a ita ce makarantar da ke sama da dukan makarantu. A nan ake horar da likitoci, da alƙalai, da malaman lise, da masanan noma da kiwo. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, ba ta da jami'a ko ɗaya. Wanda ya ci bak sai ya tafi Dakar, ko Abijan, ko Faransa. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, a 1973 ta zama jami'a sosai. Shugabanta na farko shi ne Bubakar Ba, masanin lissafi.

A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni. An haifi wannan malami a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991. Masanin fizik ne, wato ilimin da ke binciken zafi da haske da motsi da lantarki. Ya duba ya ga abin da ƙasarsa ta fi wadata da shi ita ce rana, sai ya ba da ransa ga binciken yadda za a sa ta aiki. Ya daɗe yana shugabantar ma'aikatar ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin ɗuma ruwa da zafin rana. Ya kuma shugabanci jami'ar daga 1979. A 1964 ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya nuna cewa yaro ya fi saurin fahimta in an fara koyar da shi da harshen da ya tsotsa a nono. Shekara tara bayan haka, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai harshe biyu a Damagaram. Ke nan yaron da ya fara karatu da Hausa, in ya isa ƙofar wannan jami'a, sunan wanda ya goyi bayan irin karatunsa ne zai gani a rubuce.

Hanya da lokacin tafiya

Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, daga Maraɗi sama da 600. Kar yakan tashi da asuba, ya bi ta Tasawa, Maraɗi, Ƙwanni, Dogon Dutsi da Doso. Tafiyar wuni ce cur. Tun da kuɗin mota ba su da arha, ya kamata a shirya tafiyar sosai, kada a yi ta a banza.

Abu na farko shi ne a tabbata ana karatu. Jami'a lokacin babban hutu kamar kasuwa ce ran da ba ta ci: rumfuna na nan, mutane babu. Wanda ya je sa'an nan gine-gine kawai zai gani, gini kuwa ba ya amsa tambaya. Wani lokaci kuma ana yajin aiki, na malamai ko na ɗalibai. Saboda haka kafin a sayi tikitin mota sai a kira wani ɗan gari da ke karatu can, a tambaye shi. Shi ne kuma zai zama ɗan jagora. Baƙon da ke da ɗan jagora yakan ga abin da wani ba zai gani cikin mako ba.

A tafi da kaye da bik. Abin da aka ji a wuni ɗaya ya fi ƙarfin kai.

Ƙetaren kogi

Birnin Yamai yana bakin kogin Kwara. Fadar shugaban ƙasa, da babbar kasuwa, da yawancin ofisoshi suna gefe guda. Jami'a kuwa tana ɗaya gefen, wanda Zabarmawa ke kira Harobanda, wato bayan ruwa. Ana ƙetarawa ta gadar Kenedi, wadda aka gama a 1970, tsawonta wajen mita 700. Daga baya an ƙara gadoji biyu, ɗaya a 2011, ɗaya a 2021, amma tsohuwar ita ce gadar ɗalibai. Da safe za a gan su a kanta, wasu a ƙasa, wasu a kan babur, wasu cikin motocin jami'a. A kan wannan gada aka harbe ɗalibai uku ran 9 ga Fabrairu 1990, lokacin wata zanga-zanga. Kowace shekara ɗalibai suna tunawa da ranar, don haka ba ranar ziyara ba ce.

Baƙo yakan zaci jami'a gida ɗaya ce mai katanga da ƙofa, kamar lise. Ba haka take ba. Sassa ne dabam-dabam a warwatse, kowane da harabarsa da ofisoshinsa da malamansa. Ɗalibai suna kiran kowane sashe fakilte. Daga wani zuwa wani tafiya ce mai ɗan nisa a cikin rana. Wanda ya ce zai zagaye su duka, zai gaji bai fahimci ko ɗaya ba. Gara ya zaɓi biyu ko uku da ransa ke so, ya tsaya a kansu.

Akwai sashen kimiyya, inda ake lissafi, fizik, shimi, ilimin halittu da na duwatsu. Akwai na adabi da ilimin ɗan Adam, inda ake tarihi, labarin ƙasa, falsafa, Ingilishi, da nazarin harsuna, har da Hausa da sauran harsunan ƙasa. Akwai na shari'a, da na tattalin arziki, da na noma, da na kiwon lafiya. Akwai kuma babbar makarantar horar da malamai, wadda ke fitar da masu koyarwa a kwaleji da lise da masu duba makarantu.

Ba kowace ƙofa ce ke buɗe wa kowa ba. Irin bak ɗin da yaro ya yi shi ne mabuɗi. Mai bak A, na adabi, zai iya shiga shari'a ko tarihi ko harsuna, amma ba a ɗaukarsa karatun likita. Wannan sai mai bak C ko D. Yaron da ya san haka tun yana kwaleji ya fi wanda ya ji shi a bakin taga ranar rajista.

Sashen noma ya cancanci a daɗe a cikinsa, ko da baƙo bai yi niyyar shigarsa ba. Ƴaƴan manoma da yawa suna gudunsa, wai sun gaji da hauya. Amma wanda ya shiga ya duba zai ga ba noman da ya sani ba ne kawai. Ana auna ƙasa a gane abin da ta rasa. Ana gwada irin hatsi da na wake, a ga wanda ke nuna da wuri in damina ta gajarta. Ana binciken tsutsar da ke cin zangarniya, da ƙuduji mai kashe gona. Ana nazarin jar akuyar Maraɗi, da shanun Azawak, da albasar Galmi. Yaron da ya tashi a gona ya riga ya san rabin tambayoyin. Abin da ya rage masa shi ne hanyar neman amsa.

Sashen kiwon lafiya yana kusa da asibitin Lamorde, inda ɗalibai ke koyon aiki a gefen gadon majinyata. Nan ne yara suka fi kwaɗayi, nan ne kuma karatu ya fi tsawo, shekara bakwai ko fiye. Mai son zama likita ya dace ya leƙa asibitin, ya ji warin magani, ya ga jini da miki da masu jinya kwance a barandar ɗaki. In zuciyarsa ta ɗauka, to. In ba ta ɗauka ba, ya gode wa Allah da ya gane tun da wuri. Ya kuma tambayi kansa ko gidansu zai iya jiran shekara bakwai kafin ya fara kawo wani abu.

Cikin ɗakin darasi

Babu abin da ya kai zama cikin darasi ɗaya amfani a ziyarar nan. Babban ɗakin darasi ana kiransa anfi. Kujerunsa hawa-hawa ne, na baya sun fi na gaba tudu, yana cin ɗaruruwan mutane. A shekarar farko, musamman a shari'a da tattalin arziki da adabi, yakan cika har wasu su zauna a kan matakala ko su tsaya bakin taga. Masu son kujerar gaba tun bayan sallar asuba suke zuwa su aje kaye su kama wuri. Baƙo yana iya bin ɗan jagoransa ya zauna a baya, ya yi shiru, ya saurara.

Abin da zai fara lura da shi, malami bai san sunan kowa ba. Ba ya zagayawa ya duba kaye. Ba ya rubuta komai da komai a allo. Magana yake yi da Faransanci, awa biyu ko uku, kowa yana tsintar abin da ya iya yana rubutawa. Wanda bai zo ba, ba mai zuwa gidansu tambaya. A lise akwai mai tsaron ɗalibai, akwai takardar maki da ake kai wa uba. A nan babu. Wannan sakewa tana da daɗi a watan farko, ita ce kuma ke kayar da yara masu ƙwaƙwalwa. Yaron da bai saba karatu sai an tsaya a kansa ba, ya san wannan tun yanzu.

To, baƙo sai ya gwada kansa. Ya buɗe kayensa ya rubuta abin da yake ji, kamar shi ma ɗalibi ne. In an tashi, ya kwatanta da na ɗan jagoransa. Ba a sa ran ya gane duka, tun da bai ji darussan baya ba. Abin dubawa shi ne, kunnensa na bin Faransancin malamin? Hannunsa na da sauri? Maganar da ake yi ta ja hankalinsa, ko barci ta sa shi? Wanda ya ga hannunsa ya gaza, yana da sauran watanni a lise da zai koyi taƙaita magana a rubuce.

Ban da babban darasi, ana raba ɗalibai ƙananan rukunoni don yin aikin gwaji tare da malami. Masu kimiyya kuma suna shiga labo, ɗakin da ke da madubin ganin ƙananan halittu, da ma'aunai, da kwalaben sinadari. A roƙi izini a leƙa. A kuma shiga ɗakin littattafai, a ga lokacin buɗewa da rufewa, a tambaya ko ana ba da aro. Littattafan jami'a suna da tsada. Yawancin ɗalibai da ɗakin littattafai da fotokofi da abin da suka samu a intanet suke karatu.

A bakin taga

Kowane sashe yana da ofishin rajista. A bangonsa ake liƙa sanarwa: ranar karɓar takardu, ranar rufewa, jadawalin darussa, sakamakon jarrabawa. Wannan bango ya fi kowane mai ba da labari gaskiya. A tsaya a karanta shi a tsanake, a kwafe abin da ya shafi sababbin shiga. In akwai abin da ba a gane ba, a yi sallama, a gaida ma'aikaci, a jira ya ɗago kai, sannan a ce: «Malam, ni ɗan ajin ƙarshe ne daga lise, ina son in san takardun da ake bukata.» Galibi ana neman takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da shaidar cin bak tare da makinta, da hotuna, da kuɗin rajista. Yaron ƙauye ya duba tun yanzu ko sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a dukan takardunsa. Harafi ɗaya da ya bambanta yana iya mai da mutum garinsu neman gyara, lokacin da ake gab da rufe rajista.

A nan kuma za a bayyana masa tsarin karatun. Hawa uku ne. Lisans shekara uku, masta shekara biyu, dakta shekara uku. An raba kowace shekara gida biyu, kowane rabi da jarrabawarsa. Maki a kan 20 ne kamar a lise, wanda ya kasa wani darasi kuma ana ba shi dama ta biyu.

Kwana da ci

Karatu rabin zance ne. Sauran rabin shi ne inda za a kwana da abin da za a ci. Yara da yawa da suka bar jami'a ba jarrabawa ce ta kore su ba, zaman ne ya gagare su.

Akwai gidajen kwanan ɗalibai, na maza dabam, na mata dabam. Akwai gidan abinci da ake kira resto, inda ake ci da tikiti mai rahusa. Akwai ɗakin shan magani, da masallaci, da filin ƙwallo, da motocin da ke ɗauko ɗalibai daga unguwanni. Sai dai ɗalibai sun fi gadaje yawa nesa ba kusa ba. Ɗakin da aka gina don mutum biyu, sai a iske ninkin haka a ciki, wani a gado, wani a tabarma. Sabon shiga ba lalle ne ya samu ɗaki ba. Saboda haka ƴan kowane yanki suka kafa wurin zamansu a harabar, suna kiransa ambasad. Nan baƙo daga Madawa ko Mirya ko Magarya zai iske ƴan garinsu, su ba shi ruwa, su nuna masa inda zai shimfiɗa tabarma. Ya dace ya kwana ɗaya tare da su, ya bi layin resto da tsakar rana, ya ci abin da suke ci. Daren nan guda zai gaya masa abin da ba a rubuta a bango ba.

Wanda zai kama haya a unguwannin kusa, kamar Lamorde ko Karaje ko Kirkisoi, ya tambayi kuɗin ɗaki, da na ruwa da wuta. Ya kuma tambayi inda ruwa ke kaiwa in kogi ya cika, don ambaliyar 2012 da ta 2020 sun rushe gidaje da yawa a wannan gefe. Wanda zai sauka gidan dangi a cikin gari kuwa, ya auna nisan da ƙafarsa da safe, ba da baki ba. Ya kuma lura ko akwai wurin da zai zauna ya yi karatu da dare. Gidan kawu mai yara goma da telebijin yana da albarka, amma ba ɗakin karatu ba ne.

Gwamnati tana ba wasu ɗalibai kuɗin tallafi da ake kira burs. Ba kowa ke samu ba, ana duba makin bak da shekarun ɗalibi. Ko ga wanda ya samu, kuɗin sukan makara. Kada iyaye su ɗora lissafinsu duka a kansa. Watannin farko daga gida guzuri zai fito.

In yarinya ce mai ziyarar, yana da kyau inna ko gwaggo ko wa ya raka ta. Yawancin iyayen da ke hana ɗiya mace zuwa jami'a, tsoron abin da ba su gani ba ne ke hana su. Uwar da ta shiga gidan kwanan mata, ta ga ƙofa da mai gadi, ta zauna da ƴan matan yankinsu masu karatun likita ko shari'a, ba irin maganar da za ta yi ke nan in ta koma gida ba.

Tsofaffin ɗalibai suna da labari, amma a san wanda za a tambaya. Wanda ya faɗi jarrabawa zai ce malamai mugaye ne. Wanda ya ci zai ce ba wuya. A tambayi mutum uku ko huɗu, a tambaye su abin da ke da amsa: «Yaya, ku nawa kuka fara, ku nawa kuka wuce aji na biyu? Wane darasi ya fi kayar da mutane? Waɗanda suka gama bara, me suke yi yanzu?» Tambayar ƙarshen nan ita ce iyaye za su fara yi.

Ba Yamai kaɗai ba

Shekaru da yawa duk wanda ya ci bak Yamai yake nufa, in ban da masu zuwa Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda ta fara aiki a 1986. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 kuma a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, masanin shimi wanda ya taɓa riƙe ministan ilimi. Ta Damagaram sunan Andire Salifu, ta Tawa sunan Jibo Hamani, dukansu biyu masanan tarihi. A waɗannan garuruwa uku akwai kuma cibiyoyin koyon fasaha, masu gajeren karatu da ke kai mutum ga sana'a da wuri. Ana karatun likita a Maraɗi da Damagaram ma.

Yaron Gidan Rumji ko na Matamai ya fara da jami'ar da ke kusa da shi. Kuɗin mota kaɗan ne, yana iya zuwa da safe ya komo da yamma, ya sake komawa in ya manta wata tambaya. In fannin da yake so yana nan, ga buhun hatsi na iya iske shi daga gida ran kasuwa. In babu shi, sai ya shirya doguwar tafiya.

In ya komo, ya zauna da mahaifinsa da mahaifiyarsa bayan sallar isha, ya buɗe kayen nan. Ya karanta musu da Hausa abin da ya rubuta: sunan fannin, shekarun da zai ci, kuɗin rajista, kuɗin ɗaki da na abinci a wata, ranar da za a rufe karɓar takardu. Daga nan su ne za su lissafa abin da za a sayar da kaka, da abin da za a bari a rumbu.